Amfilifayar Gita Mai Kuka da Kanta: Yadda Ake Gano Bakin Zaren

Duk wanda ya taɓa zama a masallacin Juma'a ko wurin taron biki ya san ƙarar nan mai huda kunne da lasifika ke yi idan mai magana ya matso da makirufo kusa da ita. Babu wanda ya ce uffan, amma lasifika ta kama ihu. Sautin da ya fita ne ya sake shiga makirufo, aka ƙara masa ƙarfi, ya fita, ya sake shiga, har ya zama ihu. Wannan ciwon ne yake kama amfilifayar gita, sai dai ita a cikin cikinta abin yake faruwa, ta waya da dalma da kwandansa, inda ido ba ya gani. Masu gyara na ce masa osileshan. Ni a shago nakan ce wa yarana amfilifaya ce ta fara jin muryar kanta.

Idan fis ya ƙone ko rezista ta fashe, gawa kake nema, kuma za ka same ta. Wannan matsalar ba haka take ba. Sau da yawa babu abin da ya mutu, hanya ce ta buɗe wadda sauti ke bi ya koma baya. Wanda bai gane haka ba sai ya yi ta sauya kaya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin mai amfilifaya na ƙarewa, kukan na nan daram.

Dubi lissafin ka ga yadda abin yake da saurin faruwa. Bawul kwalbar gilashi ce mai ƙara wa sigina ƙarfi. Bawul ɗin 12AX7, wanda a Turai ake kira ECC83, shi ne a gaban kusan kowace amfilifayar gita mai bawul, kuma kowane rabinsa na ninka sigina kusan sau 60. Jera mataki uku: 60 sau 60 sau 60, ka samu 216,000. Maɓallan daidaita sauti na cinye wani kaso, amma duk da haka ɗan abin da ake buƙata ya koma baya kafin ihu ya tashi bai taka kara ya karya ba. Wayoyi biyu da suka kwanta kusa da juna tsawon ɗan yatsa sun isa.

Fara da kunne

Kafin ka taɓa sukudireba, zauna ka saurara, domin kowane kuka da unguwar da yake fitowa.

Akwai gurnani mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka. Wannan ba osileshan ba ne, wutar gida ce ke leƙowa cikin sauti, mai bugu 50 a daƙiƙa ko ninkinsa 100. Maganinsa daban, kada ka haɗa su.

Akwai fut-fut-fut a hankali, kamar injin ban-ruwa a fadama, wani lokacin har ka ga takardar lasifika na shiga tana fita. Wannan kusan kullum daga ɓangaren tace wuta yake.

Akwai fito ko ihu mai tsini da ke tashi idan ka ɗaga maɓallin ƙara, ko na Treble, ko na Presence. Nan sai ka zargi kwanciyar wayoyi, ko bawul mai jin motsi, ko wayar komowa daga taransifomar lasifika, wato wadda ke mayar da ɗan sigina baya da gangan.

Na huɗun shi ne mugun, domin ba a jin sa. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce bugu 20,000 a daƙiƙa, amfilifaya kuwa tana iya kuka a 50,000 ko 200,000. Abin da za ka ji sai alamominsa: sauti ya shaƙe kamar an toshe wa amfilifaya hanci, ko ƙara ta faɗi ba zato idan maɓalli ya kai wani wuri, ko wani zzz kamar na ƙudan zuma ya riƙa bin bayan kowane bugun tsirkiya yana ɓacewa kafin sautin ya mutu. Bawul ɗin ƙarshe su yi zafi fiye da kima, wani lokacin har ƙarfen cikinsu ya yi ja. Amfilifayar na aiki iya ƙarfinta, kai ne ba ka ji.

Abin da za ka gwada ba tare da ka buɗe komai ba

Zare wayar gita daga jak. Idan kukan ya tsaya, wataƙila amfilifayar lafiyarta ƙalau. Mayar da wayar, ka kashe maɓallin ƙara na jikin gitar. In ya yi shiru, sai ka ɗaga shi ka dafe tsirkiyoyin da tafin hannu. Kukan da dafewa ta kashe na tsirkiya ne da lasifika, kuma mai gita ya ja baya kaɗan ko ya juya wa lasifika kafaɗa ya isa. Wanda dafewa ba ta kashe ba, mai tsini, daga fikof yake, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi mai ɗaukar sautinsu: naɗin siririyar wayar cikinsa ya saki yana rawa kamar makirufo. Ana jiƙa irin wannan fikof ɗin cikin narkakken kakin zuma da farafin, ko a sauya shi.

Duba kuma ko an naɗe wayar gita da wayar lasifika wuri ɗaya. Na sha ganin haka wurin masu kiɗan coci da na biki, an ɗaure wayoyin da salatif don wuri ya yi kyau, alhali an haɗa baki da kunne ke nan. Cire duk wani feda, wato ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa, da ke tsakani, ka gwada da wata waya da ka tabbatar da lafiyarta.

Idan kuma akasin haka ne, wato kukan na tashi ne lokacin da babu komai a jak, to akwai wani ɗan harshen ƙarfe a cikin jak ɗin da aikinsa ya haɗa mashigar da at, wato layin ƙasa da ke haɗe da ƙarfen jikin amfilifaya, duk lokacin da aka zare waya. Ƙurar hunturu da tsatsar damina na hana shi taɓawa. Goge shi, ka ɗan lanƙwasa shi ya koma wurinsa.

Amfilifaya mai Reverb, wato amsa-kuwwa, na da wani dogon akwatin ƙarfe a ƙasan katakon, da sifirin a ciki. Kashe maɓallin Reverb gaba ɗaya. In kukan ya tafi, duba ko jakar da ke rufe akwatin ta ɓata, ko an ɗaure shi tamau da katako har girgizar lasifika na shiga sifirin, ko kan wayoyinsa biyu sun yi tsatsa.

Daga nan sai ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da kowanne ya yi. Wannan ne taswirarka. Maɓallin da ya kashe kukan, ko ya sauya muryarsa, yana kan hanyar da sautin ke zagayawa. Idan maɓallin ƙara na farko ya kashe shi, zagayen ya haɗa da matakin da ke gabansa da wani da ke bayansa. Idan ka kashe kowane maɓalli kukan bai ko gezau ba, to yana can ƙarshe wajen manyan bawul. Idan Presence kaɗai ke taɓa shi, ka riga ka san unguwar: wayar komowa.

Kafin ka sa hannu ciki

A nan ba wasa. Amfilifaya mai bawul na ɗauke da bolt 300 zuwa 500, kuma manyan kwandansoshinta na riƙe wutar bayan an kashe an zare fulogi. Wutar ta isa ta tsayar da zuciya. Idan ba ka taɓa aiki da irin wannan ba, tsaya a matakan sama, sauran ka yi su gaban wanda ya iya.

Zare fulogi. Samu rezista mai om 100,000 da wat 5, ka sa mata wayoyi masu rufi da maƙali, ɗaya a jikin shasi, wato ƙarfen da aka ɗaura kayan ciki a kansa, ɗaya a ƙafar fositif ta babbar kwandansa. Ba ta kamar minti ɗaya, sannan ka auna da mita har ka ga ƙasa da bolt 10. Kada ka yi abin da wasu ke yi na haɗa ƙafafun da bakin sukudireba su ji tas. Yana lalata kwandansa, yana iya watso maka narkakken ƙarfe a ido. Duk lokacin da za ka taɓa da dalma, sai ka maimaita wannan, ko da sau ashirin ne a yini.

In za ka kunna tana buɗe, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, zobe da agogo a gefe. Kada ka kunna amfilifaya mai bawul babu lasifika ko babbar rezista mai om daidai da ita a madadinta, domin taransifomar lasifika na iya huda rufin naɗinta, kuma ita ce mafi tsada a ciki. Ka jera kwan fitila a layin wuta don ya taƙaita wutar in wani abu ya haɗe, irin tsohon kwan nan mai zare na wat 60 ko 100. Na LED ba ya wannan aikin. Idan amfilifayar daga Amurka ta zo, karanta bayanta: ta bolt 120 ce, wutarmu kuwa 230, sai da taransifomar rage wuta.

Bawul

Kunna, ka ɗan ɗaga ƙara, ka ƙwanƙwasa kowane ƙaramin bawul a hankali da busasshen tsinke. Kowanne zai ɗan amsa, musamman na farko. Wanda ya yi ƙara kamar an bugi kwalba, ko ya tayar da ihun, shi ne mai jin motsi. Musanya shi da wani irinsa daga can baya ka ji. Irin wannan ya fi damun amfilifayar da ke akwati ɗaya da lasifikarta, don haka in kana da wata lasifika daban, haɗa ta ka ajiye nesa. Kukan da ya tafi da wannan gwajin na girgiza ne. Ka kuma tabbatar hulunan ƙarfen da ke rufe ƙananan bawul suna nan. Mutane na cire su don ganin hasken bawul, su kuwa ba ado ba ne.

Sai gwajin da ya fi kowanne rage maka wahala. Kashe, zare bawul na farko, kunna ka ji. In kukan na nan, kashe, zare na biyu. Haka za ka bi har ka kai ƙaramin bawul na ƙarshe, mai raba sigina biyu ga manyan. Wanda zare shi ya kawo shiru yana cikin zagayen. Lura fa, ban ce shi ne ya lalace ba. Ka dai yanke hanyar ne a wurinsa. Idan ka zare ƙananan duka kukan bai daina ba, manyan bawul ne ke yi su kaɗai, sai ka tsallaka zuwa maganar rezistar ƙafar girid da ke nan gaba. Manyan kam kada ka zare ɗaya ka bar ɗaya, domin a wasu amfilifayoyin wanda ya rage zai ja wuta fiye da ƙarfinsa.

Tunda ka zare su, leƙa soket. Ramukan ƙafafu na saki, ƙura na taruwa. A soket ɗin manyan bawul irin 6L6 da EL34 da 6V6, duba tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3. In ka ga baƙin layi kamar an zana da gawayi, wuta ta riga ta yi hanya a wurin. Ba a kankare shi, sauya soket ake yi.

Me aka taɓa na ƙarshe?

Wannan tambayar ka yi wa mai amfilifaya tun kafin ya zauna. Amfilifayar da ta shekara ashirin lafiya ba ta fara ihu haka kawai ranar da ta dawo daga gyara.

Wani mai kaɗa gita a ƙungiyar mawaƙan wata coci ya taɓa kawo mini tasa. Taransifomar lasifika ta ƙone, wani ya sa masa sabuwa, ana kunnawa ta kama ihu kamar an taka wutsiyar kare. Mai gyaran ya ce bawul ne, aka sayi sababbi. Ya ce kwandansa ce, aka sauya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin garin sauye-sauyen har wata rezista ya ƙona. Abin da ke damunta wayoyi biyu ne da aka juya.

Ga yadda abin yake. Yawancin amfilifayoyin kamfanonin Fender da Marshall na ɗebo ɗan sigina daga mafitar lasifika su mayar da shi baya da gangan, amma a juye, yadda zai rage ƙara ya gyara sauti. Dabarar Harold Black ce, injiniyan Bell Labs a Amurka, tun 1927. Idan aka musanya wayoyi biyun da ke tafiya daga taransifoma zuwa manyan bawul, abin da aka mayar don ya rage sai ya koma ƙari, amfilifaya ta zama injin ihu.

Gwajin ba wuya. Kashe, sauke wutar kwandansa, ka cire bakin wayar komowa daga jak ɗin lasifika. A Fender irin Deluxe Reverb za ka ga ta bi ta rezista mai om 820; a tsohuwar Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 da Marshall JTM45 da aka kwaikwaya daga gare ta a 1962, rezistar mai om 27,000 ce. Kunna. A amfilifaya mai lafiya, cire wannan wayar na sa ƙara ta ɗan ƙaru. In ka cire sai ihu ya tsaya, ƙara kuma ta ragu, an juya ta. Musanya wayoyin nan biyu a ƙafa ta 3 ta manyan bawul, waɗanda a taransifomar Fender shuɗiya ce da ruwan ƙasa, ka mayar da wayar komowa wurinta. Shi ke nan.

Wani lokacin juyin ba ya kai ga ihu, sai dai sauti ya yi kaushi, Presence ta riƙa aiki a birkice. Ka kuma duba bakin taransifomar da aka ɗaura wa wayar komowa. Bakin om 16 na fitar da ninkin bolt ɗin bakin om 4, don haka wanda ya matsar da ita daga 4 zuwa 16 ya ninka komowar bai sani ba.

Kwanciyar wayoyi

A nan ake shan wahala, a nan kuma ake gane mai haƙuri. Samu busasshen tsinken tsire mai tsawo, ko sandar roba. Ban da fensir, domin baƙin cikinsa na ɗaukar wuta. Kunna amfilifaya, ka kai maɓallan daidai inda kukan ke farawa, sannan ka riƙa ture wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan. Wayar da ka taɓa muryar kukan ta sauya, ka kama ɓarawo. Sai ka nemo abokiyar hirarta, domin ba ita kaɗai ba ce.

Ka san ƙafafun. A 12AX7, ƙafa ta 2 da ta 7 su ne girid, wato kunnuwa; ta 1 da ta 6 su ne fulet, wato bakuna. A manyan bawul masu ƙafa takwas, ta 5 kunne, ta 3 baki. Aikinka shi ne ka raba kunnen matakin gaba da bakin matakin baya. Wayar girid ta zama gajeriya iyakar iyawa. Wayar fulet ta kwanta a jikin shasi. In dole su haɗu, su gitta juna kamar mararraba, kada su jera kamar layin dogo. Wayoyin taransifomar lasifika a murɗe su tare, a nisanta su da jak ɗin gita da bawul na farko, haka ma wayar komowa da ta Presence.

Idan wayar girid doguwa ce ba makawa, kamar wadda ke tasowa daga jak ko daga maɓallin ƙara, sauya ta da waya mai sulke, ka haɗa sulken da at a baki ɗaya kawai. In ka haɗa duka biyun, ka kashe ihu ka sayi gurnani.

Kada ka raina wannan ka ce ai kamfani ya san abin da yake yi. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, an sauya yadda ake shimfiɗa wayoyi a amfilifayoyin da suka biyo baya masu farar fuska, wasunsu suka zo da wannan ciwon. Maimakon a gyara shimfiɗar, sai aka liƙa ƙananan kwandansoshi na pF 1,200 ko 2,000 daga girid ɗin manyan bawul zuwa at. Kukan ya tsaya, amma kaifin sauti ya ragu. Har yau masu gyara na cire su, kuma wanda ya cire bai gyara wayoyin ba, kukan da aka binne shekaru hamsin da suka wuce yake tonowa.

Abu ɗaya da ake mantawa: a cikin katakon akwai takardar alminiyam ko ragar ƙarfe da ke rufe buɗaɗɗen gefen shasi. In ta yage, ko ba ta taɓa shasin, amfilifaya na iya yin shiru a kan tebur ta yi kuka a cikin akwatinta.

Rezistar ƙafar girid

Kowane bawul na da ɗan ƙarfin kwandansa a mashigarsa. A 12AX7 da ke aiki yakan kai wajen pF 150. Idan ka sa rezista a bakin girid, su biyun sun zama matata mai tare bugun da ya wuce ji. Rezista mai om 10,000 na fara yankewa a wajen bugu 100,000, kunne ba zai san an yi ba. Mai om 68,000 na saukowa wajen 15,000. Don haka fara da ƙarama a matakin da taswirarka ta nuna, ka hau a hankali.

Sharaɗin shi ne jikin rezistar ya zauna a kan ƙafar soket, da guntuwar ƙafa ƙwarai. In ka sa ta can kan allo, waya mai tsawon taƙi ta biyo bayanta, wayar ta zama eriya, aikin banza ka yi.

Manyan bawul ma suna da nasu. Fender ta saba sa om 1,500 a girid da 470 a ƙafa ta 4. Marshall masu EL34 kan zo da 5,600 da 1,000. Da yake a kan soket suke, zafi na gasa su shekara da shekaru har su tsage. Auna su, ka kuma ture su da tsinke, domin wata takan nuna daidai a mita alhali a tsage take.

Fut-fut-fut

Dukkan matakan amfilifaya daga rijiya ɗaya suke shan wuta. Tsakanin kowane rukuni akwai rezista da kwandansa da ke hana jan wutar wani ya girgiza na wani. Idan kwandansar ta bushe, manyan bawul su ja wuta, layin ya faɗi, matakin farko ya ɗauki faɗuwar a matsayin sigina ya ninka ta, ta dawo. Shi ne bugun da kake ji.

Kwandansa mai ruwa, irin waɗannan na tace wuta, ba ta son zafi. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba kwananta biyu, kai kuwa ka san abin da cikin akwatin bawul ke zama a watan Afrilu a Sakkwato ko Agadas. Ga janareto mai hawa da sauka. Wadda ta kumbura ko ta fitar da farin gari a baki, ba sai an auna ba.

Sauran ka gwada su haka: kashe, sauke wuta, ka maƙala sabuwar kwandansa mai µF 22 da bolt 500 a kan wadda kake zargi, fositif kan fositif. Kunna. In bugun ya tsaya, ka samu. Cire tsohuwar gaba ɗaya, kada ka bar sabuwa a goye a bayanta. Ni in ɗaya ta mutu a amfilifayar da ta haura shekara ashirin, duka nake sauyawa, domin sa'o'in juna ne.

In kwandansoshin lafiya suke, tsugune ba ta ƙare ba. Bincika ko wani ya yi wa amfilifayar ƙari. Kowane mataki na juya sigina, don haka na ɗaya da na uku fuskarsu ɗaya. In aka ɗora mataki uku a kan kwandansar tacewa guda, an buɗe ƙofa. A raba su da wata rezista mai om 10,000 da kwandansarta. Haka masu son sauti mai kauri kan cire kwandansar tsakanin matakai mai µF 0.022 su sa 0.1 ko fiye. Mayar da ta asali.

Sai at. Noti ɗaya da ya saki a inda wayoyin at suka taru, ko dalmar da ta tsage, ya isa ya sa babban ruwan wutar manyan bawul ya bi hanya ɗaya da na matakin farko. Ƙa'idar ita ce at ɗin matakan gaba ya sauka kusa da jak ɗin gita, na babbar kwandansa da taransifomar wuta ya sauka can nasu gefen.

Kama wanda ba a ji

Mai osiloskof, wato na'urar da ke zana igiyar sigina a allo, ya huta. Sa babbar rezista a madadin lasifika, ka ɗora na'urar a kanta, ka juya maɓallan babu sigina. Layin ya kamata ya zauna siriri. In ya kumbura ya zama kauri, ga shi nan. Sannan ka saka sauti mai bugu 400 daga wayar hannu, ka ɗaga har saman igiyar ya fara yankewa. Wani kukan ba ya fitowa sai a nan, za ka gan shi kamar ɗan gashi a kafaɗar igiyar. Shi ne zzz ɗin da mai gita ke ƙorafi a kai.

Wanda ba shi da ita ma yana da dabara. Haɗa diyod 1N4148 daga bakin lasifika, ka bi ta da kwandansa mai nF 10 zuwa at, ka auna kan kwandansar da mita a ma'aunin DC. Lasifika shiru amma mita na nuna bolt biyu ko biyar, to amfilifaya na ihu a sama. Kada ka dogara da ma'aunin AC na mita mai araha, ba ya ganin bugu mai sauri haka. Ƙaramar rediyo ma na taimakawa: sa ta a mita matsakaiciya inda babu tasha, ka ajiye kusa, ka juya maɓallan amfilifaya. In rediyon ta yi fito ko shuu ɗinta ya sauya daidai wani wuri, akwai magana.

In ba mai bawul ba ce

Gaskiya yawancin waɗanda ke shigowa shagunanmu masu taransista ne da IC, irin su TDA2030, TDA2050, LM1875 da LM3886, da 4558 ko TL072 a gaba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma karatun ɗaya ne. Alamar farko ita ce ƙarfen sanyaya IC ya yi zafi alhali ba a kaɗa komai.

Nemo rezista da kwandansa da ke jere daga mafitar lasifika zuwa at. A TDA2030 om 1 ce da nF 220. A ƙaramar LM386 om 10 da µF 0.05. Sautin gita ba ya ƙona wannan rezistar, yawanci kukan da ba a ji ne ke ƙona ta. In ka same ta baƙa, sauya ta tare da kwandansarta, amma ka sani shaida ce, wataƙila ba ita ce mai laifin ba. Duba ƙananan kwandansoshin nF 100 da ke daf da ƙafafun wutar IC, su da dalmarsu. Girgizar lasifika da ta hanyar zuwa wurin biki na tsaga dalma.

Waɗannan IC ɗin kuma suna da wani hali: ba sa zama lafiya in an rage musu ninki da yawa. TDA2030 na son sama da sau 16, LM1875 da LM3886 sau 10 ko fiye. Wanda ya sauya rezistar komowa don rage ƙara ya jawo kuka. Ga kuma jabun IC da suka cika kasuwa, lamba daidai, ciki daban. In kukan ya fara ne bayan an sa sabo, nemo na asali ko da na cikin tsohon allo ne. Haka in an maye taransista da wata mai lamba daban.

Gargaɗi ɗaya: a amfilifayar da IC biyu ke tura lasifika ta baki biyu, da sababbin nan marasa nauyi na ajin D, baƙar wayar lasifika ba at ba ce. In ka maƙala mata at ɗin osiloskof, ka ƙona IC. Su na ajin D ma kullum akwai ɗan saurin bugu a mafitarsu, haka aka yi su.

Ƙaramar kwandansa, in komai ya ƙi

Kowa ya san cewa in ka liƙa pF 500 a kan rezistar fulet, yawancin ihu zai mutu. Shi ya sa malalacin mai gyara ke farawa da ita, mai gita ya karɓi amfilifaya shiru amma sautinta kamar an lulluɓe ta da bargo. Tana da wurinta: Bassman da Marshall sun zo da pF 47 tsakanin fulet biyu na bawul mai raba sigina tun daga kamfani, kuma amfilifaya mai matakai huɗu ko biyar ba ta zama sai da irinsu. Amma sai ka gama da wayoyi da at da rezistar girid tukuna. Fara da pF 47 ko 100 mai jure bolt 500 ko fiye, a mataki ɗaya, ka saurara da gita kafin ka ƙara.

Duk abin da ka sauya, ɗaya-ɗaya, ka gwada, ka rubuta. In ka sauya uku lokaci guda kukan ya tafi, ba ka san wanne ne ba, ranar da ya dawo kuma daga farko za ka soma.

Kafin ka kira mai ita, mayar da shasi cikin katako ka ɗaure duka notin. Bar ta a kunne minti talatin ta yi zafi. Kai kowane maɓalli ƙarshe, da gita da babu gita, a kowane jak. Gwada da lasifikarta ta ainihi da doguwar wayar da yake zuwa da ita wurin wasa. In da janareto yake aiki, tayar da naka ka gwada a kansa, ka sake duba mitar nan mai diyod, sannan ka miƙa masa gitar ya kaɗa da hannunsa a gabanka.